Jar Motar da Ta Cinye Shanuna

Daga Falgore ta Rogo, zuwa ga ɗana Nasiru a Kaduna.

Assalamu alaikum. Saude ce, matar Bala tela, take rubuta mini wannan takarda. Ka san ni, ban da ɗan abin sallah ban iya komai ba, boko kuwa ko sunana aka rubuta sai dai in kalla. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana, kuma abin da ta ji a ɗakin nan kada in ji shi a bakin rijiya. Ta yi mini alkawari.

Ina gaishe ka. Yaya baƙunta, yaya sabon aiki? Allah ya tsare mini kai a garin mutane, ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi. Mu nan lafiya lau. Labarin gida ba shi ya sa na zaunar da matar mutane da biro a hannu ba, in ka zo ka ji.

Sule direba ya kawo saƙonka ranar kasuwar Ƙaraye. Ka ce in sa kawunka Bello ya fitar da shanu shida a sayar a aiko maka da kuɗin, wai wani abokin aikinka zai sayar maka da motarsa ta kwatano, ja, mai ƙofa biyu, irin ta gudu, wai a araha. Sule yana faɗa yana dariya, har yana cewa, "Inna, ɗanki ya zama babban mutum." Na ce masa ya sha ruwa ya kama hanya.

Sati uku ke nan da barinka gida. Ko albashin farko ba ka ɗauka ba.

Ba zan yi maka faɗa ba, na daina tun kana goma sha biyar da na ga ba ya shiga. Labari zan ba ka, wanda ya kamata in ba ka tun tuni na ƙi. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta shi har ƙarshe.

Gangar motar nan da ke bayan gidanmu, wadda kaji suke ƙwai a cikinta, duk Falgore cewa ake babanka ne ya yi wauta ya sayo ta. Kai ma haka ka tashi kana ji. To ƙarya ne. Ni na saye ta. Shanuna ne, kuma bakina ne.

Babanka akori-kura yake so. A lokacin yana bin ƙauyuka yana sayen gyaɗa da dawa, yana kaiwa Ƙaraye, kuɗin dako yana cinye masa riba. Ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin nan ya ce, "Da za ki ara mini shanu, da na sayi akori-kura ko tsohuwa ce. In ɗauki kayana, in ɗauki na mutane. Shekara biyu in mayar miki." Magana ce mai hankali. Ni kuwa abin da ke raina daban. Ba a daɗe ba da na je wani biki a Ƙaraye, a bayan motar kaya, a kan buhuna. Na sauko da ƙaiƙayi a mayafi, sai na ji wata a cikin matan gari tana cewa, "Ku matsa wa ta ruga, kada ta zubar mana da nono a jiki." Suka kwashe da dariya. Na haɗiye maganar ta zauna mini a ƙirji wata da watanni. Matar nan yanzu ko sunanta ba na tunawa. Ka ji irin mutanen da ake ƙona dukiya saboda su.

To a daidai lokacin akwai wani ɗan kwangila da ya zo gina kwalbatoci, aka daina biyansa, yana neman kuɗi ido rufe. Shi ke da jar motar. Shi ma a hannun wani ya saya, wancan ma ba shi ya fara hawa ba. Ɗanlami dillali ya kawo ta har ƙofar gida. Yara suka cika wurin. Ta kwanta ƙasa-ƙasa tana sheƙi, in an taka mata wuta sai ka ji ƙarar har cikin haƙoranka. Na leƙa ta zaure. Ɗanlami ya hango ni ya ce, "Hajiya, fito ki gani mana." Ko Kano ban cika zuwa ba, shi ya mai da ni Hajiya. Ya ce, "Irin wannan duk birnin Kano ba su kai yatsun hannu ɗaya ba."

Na ɗauki maganar yabo. Ashe gargaɗi ne Allah ya sa a bakinsa. Abin da ba shi da yawa a gari, ba a ajiye kayan gyaransa a shago, makaniki bai saba da cikinsa ba, mai sayensa ma ba shi da yawa. In abokinka ya ce maka irin tasa ba a samunta, to ka sani illarta yake faɗa maka.

Babanka ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Ina zan sa buhu?" Na ce, "Kai kullum buhu. Shanuna ne ko naka?" Ya juya ya shiga gida. Ka san halinsa. Na aika aka kira kawunka Bello daga ruga, na ce ya ware goma sha ɗaya. Ya tsaya da sandarsa a kafaɗa yana kallon motar, ya ce, "Adda, a cikin waɗanda za ki fitar biyar suna da ciki. Wannan ɗin me za ta haifa miki?" Na ce masa shi kiwo aka ba shi, ba shawara ba. Ya kaɗa su ya kai kasuwa, ya kawo kuɗin, ya yi wata huɗu bai taka gidana ba.

Ni ɗin nan da in za a sayi saniya sai na buɗe bakinta na duba haƙori, na taɓa hantsa, na tambayi ko ta taɓa ɓari, na tambayi dalilin da mai ita zai rabu da ita. Amma mota, ko tambaya ɗaya ban yi ba. Na ga ja, na ji ƙara. Ban tambayi me ya sa mutum uku suka riƙe ta kowa ya saki ba. Ban tambayi me ya sa ɗan kwangila bai sayar a Kano ba sai da ya biyo ƙauye. Daga baya na ji ya kai ta Kano an ƙi. Kai ma ka tambaya. Mutum ba ya sayar da abin da yake jin daɗinsa a araha don yana ƙaunarka.

Gaskiya zan faɗa maka, na ci riba rana ɗaya. An yi suna a Ƙaraye, babanka ya kai ni. Shiga ma sai da na durƙusa kamar zan shiga akurki, gwiwoyina suka taso har haɓa. Da muka tsaya mata suka fito suna leƙe, aka shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai. Wadda ta yi mini gorin ma ba ta zo sunan ba. A hanyar dawowa salansa ta bugi dutse ta faɗi. Babanka ya fita ya ɗauko, aka rasa inda za a sa, na rungume ta a cinya bayan ta huce har gida. Ribar ke nan gaba ɗaya, shanu goma sha ɗaya.

Daga nan muka shiga hidima. Motar an yi ta ne don kwalta mai santsi, mu kuwa hanyarmu ka san ta. Cikinta a ƙasa yake, ko ɗan tudu ta gani sai ta goga. Mai kuwa, abin da zai kai wata motar Ƙaraye ta dawo, ita a zuwa kawai take shanyewa. Kujera biyu ce, ba fasinja, ba kaya. Ranar kasuwa babanka ya biya motar haya ta ɗauki buhunansa, shi kuma ya bi ta a baya a jar mota shi kaɗai, mutane suna ɗaga masa hannu. Kuɗin dakon yana nan, ga kuɗin mai an ƙara.

Da ta fara tari aka kai wa Garba makaniki. Ya buɗe gaban ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ya ce wa babanka, "Malam, ni tunda na koyi aiki ban taɓa ganin ciki irin wannan ba. In na kwance, ban yi alkawarin zan iya mayarwa ba." Ya kwance. Wani ɗan ƙarfe da bai fi kan muciya ba, aka nema a Ƙaraye babu, a Kano babu, sai da aka ba wani mai zuwa Legas saƙo. Wata uku tana zaune. Da abin ya zo, kuɗinsa ya kai na maraƙi. Taya ma nata daban ne, masu faɗi, ba a samunsu a wurin masu faci. Garba ya taɓa ce mini a gaban babanka, "Inna, masu irin wannan motar ba sa tausayinta. Gudu aka saye ta a yi, kowa ya ci rabonsa kafin ta iso gare ku. Waje ne kawai ya rage mata." Na ce masa aikinsa ne bai iya ba.

Da shekara ta zagayo, babanka ya lallaɓa ta ya kai Kano wurin dillalan motoci. Ya dawo da la'asar, ya sha fura, ya ce, "Kuɗin saniya huɗu suka taya." Na ce wasa kake. Ya ce wani dattijo a cikinsu ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce mai kuɗin da zai iya ciyar da irin wannan mota ba ya sayen ta hannu, sabuwa yake so, kuma ga sabon samfuri ya fito, wannan ta zama tsohon yayi. Wanda yake sayen ta hannu kuwa talaka ne, so yake mota ta yi masa aiki, ta ɗauki iyali, ta yi kabu-kabu da yamma ta samo cefane. To wa ya rage? Sai saurayi mai kwaɗayi da ba shi da kuɗi, shi kuwa taya yake yi kamar yana sayen akuya. Ya ce tun ranar da muka karɓi makulli rabin kuɗinmu ya tafi. Saurayin da dattijon nan yake nufi kai ne, Nasiru. Abokinka ya daɗe yana jiran irinka.

Amma a ranar an ba mu ƙofa. Wani mutum ya ce zai ba babanka tsohuwar akori-kura mai rai, ya karɓi jar motar don ɗansa, baki da baki, ba ciko. Babanka ya ce sai ya tambayi mai shanu. Na ce, "Goma sha ɗaya na bayar, ba zan karɓi huɗu ba. Kuma me za a ce a gari? A ce mun kasa?" Ya ce, "Ai mun kasa ɗin." Na tashi na bar masa wurin.

Wannan ya fi sayen muni. Sayen rashin sani ne, wannan kuwa na sani na ƙi. Ka riƙe wannan ko ba a kan mota ba: in ka yi asara ka gane, ka yanke a wurin. Abin da ka riga ka zuba ya tafi, ƙarin da za ka bi shi da shi ba ya dawo da shi. Ni na bi. Da giyar motar ta lalace, na sa aka sayar da shanun noma, bijimai biyu masu jan garma da amalanke. Amalanken aka jingine a gindin rumbu, ba abin ja.

Yanzu zan faɗi abin da ba na faɗa. Saude, ki rubuta kawai.

Daminar ce yayarka ta dawo gida goyon ciki. Kana da shekara bakwai, an tura ka ruga wurin kawunka, ba ka ga komai ba. Ita ce 'yar farina. Ka san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ni kuwa na fi kowa riƙe wannan, har ana misali da ni a dangi, ina jin daɗi. Naƙuda ta kama ta da safe. Ungozoma ta shiga da mata biyu. Ni na zauna a tsakar gida ina tsince wake, kamar ba a gidana ake ba. Ina jin nishinta. Babanka ya leƙo sau uku yana tambaya, ina ce masa, "Mata ne a kanta, ka koma zaure." Na haihu bakwai, na san nishin da yake daidai da wanda ba daidai ba. Tun azahar na san wannan ba daidai ba ne. Amma in buɗe baki in ce a kai 'yar farina asibiti, a ce na yi rawar jiki a kanta? Na ci gaba da tsintar wake.

Sai washegari da hantsi ungozoma ta fito da kanta ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina, a nemi mota." A gari babu wata mota ranar sai tamu, kuma a makon aka karɓo ta daga gyara. Aka fito da yarinyar nan ba ta iya tsayuwa. Babu inda za a kwantar da ita. Aka naɗe ta aka cusa a kujerar nan mai ƙasa, da ciki wata tara, gwiwoyinta suna danne cikin. Babu wurin ungozoma, babu wurina. Ta juyo ta kalle ni ta taga. Ban ce mata komai ba, akwai mutane. Babanka ya ja, shi da ita.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan. Ka san gangaren rafin nan kafin a hau burji, inda manyan motoci suke haƙa rami biyu su bar tudu a tsakiya. Akori-kura tana wucewa a wurin, kullum suna wucewa. Ita cikinta ya hau tudun ta zauna, ƙasan injin ya fashe, baƙin mai ya tsiyaye a laka. Manoma suka zo suka tura, ko motsi. Aka aiko gida a kawo amalanke. Ga amalanke a gindin rumbu, shanun da za su ja shi na mai da su giyar mota. Kafin a je gona a kwance bijiman maƙwabci daga garma a zo a ɗaura, la'asar ta yi. A gefen hanya ta haihu, a gindin ɗorawa, wasu mata masu cirar ciyawa suka kare ta da zannuwansu. Jaririyar ta zo da rai, ita ce Talle da kake gani. Jini ya ƙi tsayawa. An ɗora ta a amalanke, ba a kai ga burji ba.

Kada ka ce na yi saɓo. Na san ajali ne, kwananta ya ƙare. Amma Allah ya ba ni ido da kunne da shanu, ya kuma aiko mini da mutum har da akori-kura a hannu, na mayar. Wannan nawa ne. In wani naka yana cikin wahala, ka buɗe baki tun da wuri, a yi ta dariya. Kuma duk motar da za ka saya, ka fara tambayar kanka ko mara lafiya zai iya kwanciya a ciki.

Bijiman maƙwabcin ne suka jawo motar gida bayan kwana bakwai. Babanka bai ƙara taɓa ta ba. Ɗanlami ya zo gaisuwa, ya tsaya a kanta ya ce yanzu sai dai 'yan gwangwan, kuɗin tunkiya. Na ce a bar ta nan. Gari ya sa wa babanka suna, mai jar mota. A majalisa, a kasuwa, in ana so a kwatanta wauta da shi ake yi. Bai taɓa cewa matata ce ba. Ni kuma ban taɓa fita na ce ni ce ba. Shekara shida yana ɗauke da kayana a ka. Da ciwonsa ya tsananta, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ce masa, "Malam, ka yafe mini." Ya ce, "Na me?" Na ce motar. Ya ce, "Ai ni na tuƙa." Ya juya ya fuskanci bango. Abin da na samu ke nan.

Sai kuma kai. Na bar ka kana shiga gangar nan kana murɗa sitiyari, kana ƙarar inji da baki. Ina kallonka ta ƙofar kicin ban hana ba, don in na hana sai ka tambayi dalili. Na ji ranar da ka fasa wa ɗan Garba baki don ya ce ubanka mai jar mota. Na ji kana cewa in ka girma sai ka sayi wadda ta fi ta, ka shigo da ita garin nan kowa ya gani. Na sani ba motar kake so ba, so kake ka wanke babanka. To ba shi da dattin da za ka wanke. Akori-kura ya nema. In kana so ka yi abin da ya so, ka ji abin da ya so.

Ban ce kowa ya sayi irin motar nan mahaukaci ne ba. Wanda yake da wata motar ta aiki a gida, ƙofarsa a kan kwalta, kuma in kuɗin ya ƙone ƙurmus ba zai fasa cin abinci ba, ya saya ya yi wasansa, ba ruwana. Saude ta ce mijinta ya ji a rediyo wai a ƙasashen waje akwai irinsu da sai sun tsufa suke tsada. To a can. Kai haya kake a ɗaki ɗaya da katifa.

In ba ka yarda da maganar tsohuwa ba, ga abin da za ka yi kafin ka ba kowa ko kwabo. Ka je wurin dillalan motoci a nan Kaduna, kada ka ce saye za ka yi. Ka ce kana da irin motar za ka sayar, ka ji abin da za su taya. Ka je wurin makaniki da bai san abokinka ba, ka tambayi kuɗin taya ɗaya da inda ake samun kayanta, ka auna da albashinka. Sannan ka koma ka ce wa abokin naka, "In na riƙe ta wata shida na gaji, nawa za ka karɓa a hannuna?" Ka kalli fuskarsa, ba bakinsa ba. Ka kuma tuna kana da uwa a Falgore mai ciwon ƙafa, gangaren rafin nan yana nan yadda yake. Ka yi shekara kana hawa bas, ba wanda ya mutu don haka. In ka tara, ka sayi babur. In Allah ya buɗa, ka sayi mai ƙofa huɗu wadda cikinta ya yi nisa da ƙasa, irin wadda kowane makaniki a Rogo zai iya kwancewa ya mayar.

Yanzu maganar shanu, ka ji da kyau don kada a yi rigima bayan raina. Kana ganin takwas ɗin da ke hannun kawunka gadon babanka ne. Babanka bai bar ko kofato ba. Nawa kuma na gaya maka inda suka shiga. Zuriyar karsana biyu ce ta tsira, don ba nawa ba ne balle in sayar. Kakanku ya ba ka ɗaya ranar sunanka, ya ba yayarka ɗaya ranar nata. Zuriyar taka uku ce yanzu. Zuriyar tata biyar. Mijinta ya bar wa 'yar rabonsa, ni da babanka muka bar mata namu, a gaban liman. Biyar ɗin nan na Talle ne, da su take makaranta. Ba wanda zai taɓa su ina numfashi, na gaya wa kawunka. Na riga na ɗauki abu ɗaya a hannun yarinyar nan, ba zan ɗauki na biyu in ba ka ka sayi ƙarfe ba.

Uku naka ne. Ka girma, ba zan riƙe maka ba, ba kuma zan yi maka baki ba. In ka karanta wannan ka ce a sayar, ka zo da ƙafarka ka gaya wa kawunka ido da ido, kada ka ƙara aiko mini direba. Ɗaya tana da ciki. Kuma a cikin kuɗin sai ka fara fitar da ladan kiwon kawunka na shekara biyu, bai taɓa tambaya ba amma yana binka. Bala tela yana binka ɗinkin kayan da ka tafi da su, ka biya daga albashin farko, matarsa ce zaune a gabana. Ni ba ka da bashina, ni ce nake da naka, na gaskiyar da na riƙe maka shekara goma sha huɗu. Na biya yau.

In kuma jar mota mai ƙofa biyu kake so dole, akwai a bayan gida. Taka ce, ba sai ka sayar da komai ba. Ka zo ka kori kajin ka shiga, amma ka zauna a kujerar gefe, ba ta direba ba, ka ɗaga gwiwoyinka ka ji yadda take. A nan aka cusa Maryama. Saude ta ɗago tana kallona, to na faɗa, sunanta ke nan, ki rubuta shi da kyau. Maryama.

Allah ya tsare ka a hanya da wurin aiki, ya kare ka daga ƙarfe da mai tuƙa ƙarfe, ya ba ka abokai na gari, ya dawo mini da kai da ƙafafunka biyu. Allah ya ji ƙan babanka da yayarka. Ka riƙe sallah. Ka ba Sule amsa ranar kasuwa mai zuwa, a takarda, ba da baki ba.

Wassalam.

Innarka.